Malam Tambari a Bayan Asabari

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce. Karatu na iya, shi ma a lungu, inda ba wanda zai ce in ɗaga murya. Wannan ne karon farko da na ɗauki biro don rubuta abin da ba malami ne ya sa ni ba, kuma na sha ajiye shi kafin in kai nan. In kun ga inda na yi tuntuɓe ku tsallake, labarin ba shi da tsawo.

Sunana Zuhura, 'yar Shinkafi. Shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, a sashen ba ɗalibai shawara, abin da mu tsakaninmu muke ce wa kansilin. Da aka zo firaktikal, wato gwajin aiki a makaranta, sai aka tura ni da ƙawata Nadiya wata makarantar kwana ta 'yan mata a Kaura Namoda.

A littafinmu akwai hoton ɗakin da ake koyon wannan aiki. Ɗalibi yana zaune da wanda ya kawo damuwa, malaminsa kuma yana bayan wani irin gilashi, yana ganinsu ba sa ganinsa. Mu ba mu da gilashi. Ɗan ƙaramin ɗaki aka ba mu kusa da sito, mai taga ɗaya da ke kallon barandar baya. Shugabar makarantar, wadda kowa ke ce wa Hajiya, ta faɗa tun ranar farko cewa a wannan zamani ba za ta bar namiji ya shige ɗaki da 'yan mata ba, ko da furfura har gira. Don haka aka rataya asabari a tagar, aka ajiye benci a baranda. Nan Malam Tambari yake zama, malaminmu da ke zuwa daga kwaleji a kan babur don ya saurare mu ya ba mu maki.

Ba mai faɗa ba ne. Ni dai ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Makullin babur ɗinsa ne ke magana. In ya buga shi sau ɗaya a ƙarfen taga, ma'anarsa ki sassauta. In ya buga sau biyu, ki nemi izini ki fito. Ba na tsoron komai a Kaura kamar wannan ƙaramin ƙwas.

Zamana na farko ban ma san yadda zan ba da labarinsa ba. Wata 'yar aji biyu ta zo tana kuka don an ɗauke mata bokiti. Na buɗe baki, sai na ji benci ya yi ƙara a waje, duk abin da na haddace ya gudu. Muka zauna ni da yarinyar muna kallon juna har ta gaji ta share hawayenta da kanta, ta tambaye ni ko lafiya nake.

"Ke kin san ciwonki?" in ji Nadiya da yamma, muna wanki a bakin famfo. "Ba yarinyar kika saurare ba. Taga kika saurare."

"Ina jin numfashinai, wallahi."

"Numfashin mi? Tsoho na can yana gyangyaɗi, ke kina nan kina mutuwa."

Ita Nadiya ta yi nata zaman ta wuce tana dariya. Ni saura mini guda ɗaya. Malam ya faɗa mana tun a kwaleji cewa abin da kunnensa bai ji ba, ba ya ba shi maki, kuma wadda ba ta samu maki ba sai ta dawo wani zangon ta maimaita. Na san fuskar da Baba zai yi in na koma Shinkafi da wannan labari, shi da ya sha surutun 'yan uwa kafin ya bar ni in tafi kwalejin.

Ranar da Malam zai dawo, da safe Hajiya ta aika a kira ni ofis.

"Akwai wata yarinya, Salima, 'yar aji uku," ta ce, ba ta ko ɗago daga takardun gabanta ba. "Bafillatana ce, 'yar fari, daga rugar wajen Dauran take, can ƙasar Zurmi. Kakarta ta rasu, wadda ta rene ta. Ba a aiko ba. A bakin mai tallan nono ta ji, nan ƙofar makaranta. Tun rannan ba ta cin abinci sai ruwa, ba ta magana, ta ƙi yarda a taɓa mata kai ko ranar kitso. Jiya ta faɗi a asambali."

Na ce, "Allah sarki."

"Na aika an kira uwar, tana hanya. In yarinyar ba ta ci abinci yau ba, ta bi uwarta. Ban riƙe ɗiyar mutane ta mace mini a hostal." Sai a lokacin ta dube ni. "Kuma ki sani, an gama girbi, mutanensu na shirin yin kudu da shanu. In ta bi su ta tafi ke nan, ba mai maido ta. Yarinyar da ke ɗaukar na ɗaya a lissafi."

Na fito. A baranda na tarar Malam Tambari ya riga ya iso, yana kakkaɓe rigarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa abin da Hajiya ta ce, ina fatan ya ce wannan ya fi ƙarfin ɗaliba, a ba wani.

Sai ya ce, "To, madalla. Ki shirya ɗakin."

Na shirya shi yadda hoton littafi ya nuna. Kujeru biyu suna fuskantar juna, tawa a gefe.

Salima aka fara kawowa. Doguwa ce siririya, hijabinta ya yi mata yawa, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage. Ta zauna inda na nuna mata, ta zuba wa siminti ido. Can wajen hantsi uwar ta iso. Yalwa sunanta, ba ta kai shekarun da na zata ba. Da goyo a bayanta, a kanta kuma ƙwarya rufe da faifai, an ɗaure da tsumma. Ta yi sallama, ta gaishe ni har da tambayar mutanen gida. Ba ta dubi inda 'yarta take ba. Ita ma Salima ba ta ɗago ba.

Dokar aikinmu ce a gaya wa mutum in akwai mai sauraro. Na ce, "Goggo, a bayan asabarin can akwai malaminmu, da wata 'yar ajinmu. Ni ɗaliba ce, shi ke duba aikina. Abin da anka faɗi nan ba ya fita."

"Namiji?"

"Dattijo ne."

Ta ja mayafinta ya rufe rabin fuskarta. Ta dubi kujerar da na ajiye mata daidai gaban Salima, ta wuce ta, ta sauke ƙwaryar a gindin bango, ta zauna a ƙasa ta ba taga baya. Ta kwance goyon ta ɗora shi a cinya.

"Jamilu, Jamilu na," ta ce da yaron a hankali, tana share masa hanci da bakin zane. "Ka sha rana, ko?"

Na ga yatsun Salima sun matse gefen kujera.

Na fara da tambayoyin da na haddace. Yaya ta ji da aka aika mata? Ta ce lafiya lau. Me take gani ke damun yarinyar? Ta ce Allah ne masani. Ko akwai abin da take so a yi? Ta ce abin da malamai sunka gani. Kowace amsa gajera ce, a rufe, ba inda zan kama. Ina yin tambaya ina jin muryata tana ƙara sirancewa. A waje benci ya yi ƙara. Na ji an juya takarda.

Na juya wajen Salima. "Ko za ki gaya ma Goggo abin da ke ranki?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

Ƙwas.

Sau ɗaya ne, na sani, ki sassauta. Amma ni abin da na ji shi ne lokaci yana tafiya, ba abin da ya faru, kuma mutumin da ke riƙe da makina ya gaji. Sai wani shafi ya faɗo mini a rai, har ina ganin layin da na ja a ƙarƙashinsa da jan biro: a sa iyaye su fuskanci yaro, su kira sunansa, su faɗa masa abin da suke ji game da shi. Na kama shi da hannu biyu.

"Goggo," na ce, da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, "ina so ki juyo ki dubi ɗiyarki. Ki kira sunanta. Ki gaya mata kina sonta."

Hannun da ke shafa kan yaron ya tsaya.

Salima ta ɗago karon farko, ba uwarta ta duba ba, ni ta duba, da idon wanda aka tuɓe wa zane a kasuwa. Yalwa ta miƙe a hankali. Ta saɓa yaron a baya, ta ja zanen goyo ta ɗaure tam.

"Malama," ta ce, tana kallon ƙofa, "motar Zurmi ba ta jira. Ki ce a ɗauko akwatin."

Ƙwas, ƙwas.

Na ce, "Don Allah Goggo, ki ɗan jira ni. Yanzu nika dawowa. Don Allah." Ban san ko za ta jira ba. Na fita na zagaya baya.

Malam Tambari yana zaune a ƙarshen benci, makullin a hannunsa. Nadiya tana can ɗaya ƙarshen, ta toshe baki da gefen hijabi, yau kam ba dariya take yi ba. Na durƙusa nesa kaɗan da taga don kada a ji mu.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

"Zuhura, ke ta nawa ce a ɗakinku?"

"Ta huɗu, Malam."

"Wa ne na fari?"

"Yaya Mahmuda."

"Mi innarku ka kiranshi?"

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Mahmuda ba tunda nake. Wancan take cewa, ko mai babur. In yana tsaye a gabanta tana son ya ci abinci, ni take ce wa in gaya wa wancan tuwo na hucewa. Ranar da ya faɗi da babur a hanyar Kasuwar Daji aka kawo shi da karaya, duk gidan muka kewaye shi muna kuka, ita tana madafa tana dama masa kunu, ba ta leƙo ba sai da kowa ya watse. Wannan a cikin garin Shinkafi ke nan. Balle Bafillatana, da 'yar farinta, da baƙon namiji a bayan taga. Na san wannan tun kafin in san baƙaƙen boko. Tsoron makulli ne ya share mini shi.

"Kuma tsohuwar da ta rasu," in ji Malam, "uwar wa ce?"

Ban sani ba. Ban tambaya ba.

"Kin yi ma matar nan gaisuwar mutuwa?"

Na sunkuyar da kai. Hawaye suka taru, na hana su.

"To. Tashi ki koma, tana tsaye."

Ban tashi ba. Akwai abin da na san in ban faɗe shi yanzu ba ba zan taɓa faɗa ba. Ina ganin yadda matar nan ta ja mayafi tun da ta ji namiji ne. Ko na gyara kowace tambaya, ko na yi komai daidai, muddin bencin nan yana ƙara ba za ta ce komai ba sai lafiya lau. Ni ma da nake ɗalibarsa na kasa magana saboda shi.

"Malam," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Ina roƙon arziki."

"Ina jinki."

"Ka tashi daga nan."

Nadiya ta zaro ido. Ta yi mini alama da hannu, irin ta kin haukace.

Malam ya daɗe yana duban makullin. Sannan ya ce, "Kin san ƙa'idata."

"Na sani."

"Abin da ban ji ba, ban ba shi maki. Ba don mugunta ba. Ban sa hannu a kan abin da ban shaida ba. Kuma ba ni da wata ranar da zan dawo a zangon ga."

"Na sani, Malam."

"Ke Zuhura," Nadiya ta ce cikin raɗa, "bari shi zauna shiru mana, ki ce mata ya tafi. Wa zai sani?"

Malam bai ko dube ta ba, ni yake kallo. Ba zan ɓoye ba, na so abin da ta faɗa. Fuskar Baba ta zo mini, da doguwar hanyar Shinkafi, da mutanen da za su ce da ma mun faɗa. Amma na riga na tuɓe wa matar nan zane sau ɗaya.

Na ce, "A'a."

Malam ya rufe fayil ɗinsa, ya miƙe. "Sai wani zangon ke nan. Nadiya, taho." Ya yi taku biyu ya tsaya. "In yarinyar ta sake faɗuwa, ki aika ofis maza. Ina can wajen Hajiya."

Ofis ɗin ba nisa, da ƙafa ma ya isa. Amma sai ya hau babur ya taka shi, ya ba shi wuta har sau biyu a daidai tagar, yadda duk wanda ke cikin ɗakin zai ji, sannan ya zagaya.

Na koma ciki. Yalwa tana tsaye a bakin ƙofa da goyonta, ƙwaryar har ta ɗora a ka. Na je taga na naɗe asabarin har sama na ɗaure. Haske ya shigo. Ga benci nan, ba kowa a kai.

Na ja kujerar da na ajiye gaban Salima na kai ta lungu. Na cire takalmana, na zauna a ƙasa.

"Goggo, ki gafarce ni. Yarinta ce. Ban ko yi miki gaisuwa ba. Ya haƙuri?"

Ta tsaya tana kallon bencin.

"Haƙuri sai ma'aiki," ta ce daga baya, can ƙasa.

"Allah shi jiƙanta. Allah shi sa ta huta. Surukarki ce?"

"Ita ta haife ni."

Ta sauke ƙwaryar. Ba ta zauna nan take ba, sai da ta gyara goyo, ta gyara mayafi, sannan ta zauna kusa da ƙofa, gefenta yana wajen Salima. Wannan karon ban yi gaggawa ba, na jira ta. Rana ta yi sama, kuma na san motocin Zurmi suna ƙaranci in azahar ta wuce.

"Tun da anka yaye waccan," Yalwa ta fara, tana magana da ni, tana kallon bango, "tsohuwa ta ɗauke ta. Haka a ka yi. Ita ta san cinta, ita ta san shanta. Ita ta tsaya a kan boko, maza na faɗa, tac ce sai ta yi. Da ciwo ya yi tsanani nac ce a aiko. Tac ce kul. Tac ce ana jarrabawa, kada a ɗaga ta."

Wani sauti ya fito daga kujerar Salima, kamar an taka ƙaramar kyanwa.

"Har ta cika sunan waccan take kira," in ji Yalwa. "Ba nawa ba."

Na dubi Salima. Hawaye na zuba, amma bakinta a rufe. Littafi zai ce in tambaye ta yaya take ji. Na bar littafi. Na yi abin da nake yi a gida tsakanin Inna da Yaya Mahmuda.

"Salima, Goggo ta ce tsohuwa ce ta hana a aiko. Ta ce har ƙarshe ke take kira."

Da muryar ta fito, a shaƙe take, ta kwana biyu ba a yi amfani da ita ba.

"Malama, ki ce ma Adda, ko gawar ai da an bari na gani."

Adda take ce wa uwarta, kamar wata yayarta. Na juya. "Goggo, ta ce ko gawar da an bari ta gani."

"Ki ce mata na yi kuskure nan. Ki ce mata ni ma kaina ba shi tare da ni."

Na faɗa. Yaron ya motsa a baya, ta jijjiga shi. Daga nesa aka buga ƙararrawar abincin rana, na ji 'yan mata suna gudu da kwanoni. Na san bayan ƙararrawar nan Hajiya za ta aiko a ji ko an ci ko ba a ci ba.

Yalwa ta saci kallon 'yarta, da wutsiyar ido, sau ɗaya.

"Malama, ki tambaye ta, mi ya sami kanta? Tun daga nan nika jin warin shi."

Salima ta kai hannu ta dafe hijabinta.

Na ce, "An ce kin hana a taɓa."

"Kitson Inna ne." Inna take ce wa tsohuwar. "Ranar da zan taho ta yi mini. Ki ce ma Adda in an kwance shi, shi ke nan. Babu sauran hannunta ko'ina."

Ban iya maimaita wannan ba, kuma ba a buƙaci in maimaita ba. Yalwa ta sunkuyar da kai, ta ja mayafin ya rufe fuskar gaba ɗaya. Kafaɗunta suka yi rawa kaɗan, ba sauti. Na kawar da idona na dubi benci.

Da ta buɗe fuska, sai ta kwance goyon ta miƙo mini yaron ba tare da ta tambaye ni ba. Na karɓe shi, yana barci, da ɗumi kamar tukunya.

"Ki ce mata, wa ya koya mini kitso in ba tsohuwar ba? Irin nata ɗaya ne a rugarmu, kuma ni kaɗai na iya. Ki ce mata ta sauko."

Na dubi Salima. Ban faɗa ba. Ta ji.

Ba ta motsa ba. Na ƙirga numfashin yaron a ƙirjina, ina addu'a a zuci. Takun wani ya nufo ɗakin daga wajen ofis, na tabbata 'yar aiken Hajiya ce, na tabbata yanzu za a leƙo a ce an fito da akwati, komai ya rushe. Takun ya matso, ya tsaya. Sai na ji muryar Nadiya can waje tana cewa, "Ke, zo nan, Malam ya ce kada kowa ya je wajen," takun ya juya.

Salima ta zame daga kujera. Ta ja jiki a kan siminti har gaban uwarta, ta juya mata baya, ta zauna tsakanin ƙafafunta. Ta cire hijabin da kanta.

Kitson ya tsufa, ya cukurkuɗe, duk ya yi fari da amosani. Yalwa ta zaro tsinke daga cikin gashinta, ta sa a layin farko. A haka ba mai ganin fuskar wani. Hannunta yana aiki a hankali, in ta zo inda ya ɗaure sai ta tsaya ta warware da yatsa.

"Malama, ki ce mata ta daina motsi."

"Malama, ki ce mata da zafi."

"Ki ce mata kan da ba ya da abinci a ƙarƙashinai dole shi yi zafi." Ta miƙa ƙafa ta turo ƙwaryar gaba, har ta taɓa gwiwar Salima. "Ki ce mata nonon jar saniyar tsohuwa ne. Da asuba na tatsa. In ba ta sha ba sai in zubar, ban komawa da shi."

Salima ta dubi ƙwaryar. Ta kwance tsumman, ta ɗaga faifan. Ƙamshin fura da nono ya cika ɗakin. Ta ɗauki ludayin ta riƙe, ta riƙe. Sannan ta kai baki. Ta haɗiye da ƙyar, ta yi tari. Ta sake ɗiba.

Na kwantar da yaron a kan zanen goyonsa kusa da uwar. Ba wadda ta dube ni.

"Malama, ki ce mata jibi muna tashi. In an yi hutu kawunta Sanda zai zo shi kai ta inda muke."

"Ki ce ma Adda akwatina fa?"

"Ki ce mata akwati shi zauna inda yake. Tsohuwa ba ta sha faɗa da maza don a ɗauko akwati ba."

Na lura tun ɗazu ban buɗe baki ba, kuma ba wadda ta jira in buɗe. Na ɗauki takalmana a hannu. Na bi gefen bango a hankali, na ja ƙofar ban rufe ta duka ba.

Can gaban ofis na hango Malam Tambari a gindin dalbejiya, Hajiya a tsaye a baranda, Nadiya tana ta ba su labari da hannu. Duk sun ba ni baya. Na san ya kamata in je in ce ta ci. Amma za su gani da idonsu in sun leƙa, kuma in na je sai an dube ni, sai an yi mini tambaya, ni kuwa ina da wasiƙar da zan fara shiryawa a raina zuwa ga Baba, ta zangon da zan maimaita.

Ta tagar da na naɗe wa asabari muryar Yalwa tana fitowa, ƙasa ƙasa.

"Malama, ki ce mata ta sunkuyo."

Na bi ta bayan sito, ta wajen madafa, ban sa takalman ba sai da na wuce famfo.